Tagogin da Nake Buɗewa

A ƙauyen Solmae ba wanda ya taɓa kirana da sunana. 'Yar Uljin ake ce mini, don daga can bakin teku aka auro ni, kuma haka ake yi wa kowace matar aure a wajenmu. Sunan da Inna ta raɗa mini shi ne Jongnim, in akwai mai son sani. Na faɗe shi yanzu ne don na gaji da ajiye shi.

Gidan Pyo aka kai ni, kuma ba kowane ɗaki ba, babban gida, wajen Mansok, ɗan fari na ɗan fari tun daga kan Kaka Babba. Shi Kaka Babba malami ne da ya rasu wajen shekara ɗari uku da suka wuce. Bayan rasuwarsa ɗalibansa suka sassaƙa duk abin da ya rubuta a kan allunan katako, a juye, yadda in an shafa tawada an danna takarda sai shafi ya fito. To allunan nan su ne gidan Pyo. Gonarmu ba ta fi ta kowa ba, rufinmu ma yana yoyo kamar na kowa, amma in ɗan gidan Pyo ya shiga taro sai an matsa masa, saboda allunan. Suna cikin wani ɗaki a bayan gida, a kan tudu, an ɗora shi bisa duwatsu don kada ƙasa ta taɓa shi.

Washegarin da aka kawo ni, ko akwatina ban gama buɗewa ba, uwar mijina ta ja ni zuwa tudun nan. Ta miƙa mini wata doguwar gora mai ƙugiyar ƙarfe a kai, ta nuna mini tagogin ɗakin, can sama kusa da rufi, a jere gabas da yamma.

Ta ce, "Mace ba ta shiga nan. Amma mace ce ke ba su numfashi. In gari ya waye a bushe ki buɗe. In kin ga hazo ya taso daga kogi, ko kin ji ƙanshin ruwa, ki rufe, ko da shinkafa na ƙonewa a kan wuta. Katako yana shaƙa yana fitarwa kamar ke. Kika bar shi ya kwana da laima, funfuna ta same shi, to kin kashe gidan nan da hannunki."

Na ce, "To, Iya."

Ta ce, "Ba 'to' nake so ba. Ɗaga in gani."

Na ɗaga. Gorar ta rinjaye ni, ƙugiyar ta kuskure, na kusa faɗawa cikin kwata. Tsohuwar ba ta yi dariya ba, ta dai ce in sake. Bayan kowane murfin taga akwai sandunan katako a jere, matse da juna don kada tsuntsu ya shiga, daga ƙasa ba ka ganin komai a bayansu sai duhu. Ni ma ban taɓa neman gani ba. An ce ba nawa ba ne.

Ba zan yi ƙarya ba, na so aikin nan. Na so shi har cikin raina. Kafin in haifi Heran na iya buɗe taga da hannu ɗaya, kafin ta yi wayo kuma gwiwata ta koyi sanin ruwa tun hadari bai haɗu ba. Matan ƙauye suka mai da ni abin tsokana. In za su shanya barkono sai wata ta leƙo ta katanga, "'Yar Uljin, tambayar mana gwiwarki, mu shanya ko mu bari?" Sai in ce mata ta je ta tambayi bakinta, shi ma ai kullum a jiƙe yake. Ina zaginsu ina jin daɗi. Sauran mata suna da miji da 'ya'ya, ni ina da miji da 'ya da kuma numfashin Kaka Babba a hannuna.

Sau ɗaya a shekara ake buɗe ƙofar ɗakin, da kaka, bayan ruwa ya ɗauke. Maza ke shiga su share allunan su jujjuya su. Da can dattawan dangi ke cika tudun ranar, amma aka yi ta mutuwa, waɗanda suka rage suka koma Seoul da Daegu wajen 'ya'yansu, har ya zamana Mansok ne kawai da ƙaninsa Ilsok ke shiga, su ja ƙofa. Ni ina ƙasa ina dafa musu abinci. In sun fito Mansok ya wanke hannu, ya zauna, ya dube ni ya ce, "Lafiya lau suke, uwar Heran. Hannunki na da albarka." Mutumin da ba ya yabon miya, ba ya yabon ɗinki, bai taɓa ce mini na yi kyau ba ko ranar aure. Da wannan magana guda nake cin shekara.

Heran na makarantar sakandare ƙanena ya bugo waya daga Uljin, tsakiyar damina. Ya ce Inna ta kwanta, ta daina cin abinci, sunana kawai take kira. Na haɗa kaya a ɗankwali, na sa takalmi. Na tarar da Mansok tsaye a bakin ƙofa.

Ya ce, "In kin tafi wa zai riƙe gorar?"

Uwarsa ta riga ta rasu a lokacin, matar Ilsok kuwa tana Daegu, ba ta ma san ta inda ake kama gora ba. Na ce ya riƙe da kansa, kwana nawa ne? Ya dube ni kamar na ce ya ɗaura zane. Ya ce namiji bai taɓa riƙe ta ba tun da aka gina ɗakin, kuma ban ga yadda sama take ba? Yanzu rana, anjima ruwa. Ya ce in bari damina ta ɗan sassauta, tsohuwa ce mai ƙarfi, za ta jira.

Ba ta jira ba. Na isa Uljin na tarar an riga an naɗe ta, ko fuskarta ban gani ba. Ƙanena bai zage ni ba, da ma ya zage ni. Ya miƙo mini kayan makoki ya juya baya, kuma har yau in mun haɗu goshina yake kallo, ba idona ba. Na yi kukana na dawo. Duk lokacin da abin ya taso mini sai in hau tudu in dubi ɗakin nan in ce wa kaina, ai ba a banza ba ne. Inna ma da kanta za ta gane, ita ce ta koya mini cewa abin da aka ba ka amana ba ka sakinsa.

Haka muka yi ta tafiya har gashina ya yi fari. Heran ta gama karatu ta samu aiki a Busan, ta daɗe ba ta yi aure ba, ta yi, ta daɗe ba ta samu ciki ba, har na fid da rai. Da bikin sabuwar shekara na bara ta zo gida da mijinta, tun daga yadda ta sauko daga mota na gane. Na yi ta murna ina shiga ina fita kamar kazar da ta rasa inda za ta yi ƙwai. Ashe ba cikin kaɗai ta kawo ba.

Muna cin abinci ta ajiye cokali ta ce, "Baba, akwai cibiyar da ke karɓar irin allunan nan. Gidaje da yawa sun kai nasu. Ba sayarwa ba ne, suna nan a matsayin namu, ajiya kawai za su yi a ɗakin da na'ura ke kula da iska dare da rana. Sai Mama ta huta."

Mansok ya buga hannu a tebur har miya ta zube. Ban taɓa ganinsa haka ba, fuskarsa ta yi ja. Ya ce muddin yana numfashi ba baƙon da zai sa ƙafa a ɗakin nan. Ni kuwa, wawiya, na ɗauka kishin kakanninsa ne. Har wani daɗi na ji a raina, na ce yau na ga namiji.

Heran ta juyo gare ni. "Mama, ke fa? Ke matar gida ce ko mai gadin taga?"

Na ce, "Ke, iya bakinki. Na'ura? Na'ura ta san ƙanshin ruwa? Shekara nawa ina riƙe da su, ko ɗaya bai yi tabo ba, sai yau za ki zo daga birni ki ce a kwashe a kai wa baƙi, kamar an ce miki na gaza?"

Ta ce, "Ba wanda ya ce kin gaza. A damina zan haihu, Mama. Ina so ki zo."

Na kai ido wajen tudu. Kallon bai yi tsawo ba, amma ta gani.

Ta ce, "Na sani. Ba za ki zo ba. Yadda ba ki je wa Kakata ta Uljin ba."

Abin da na faɗa mata bayan nan ba zan maimaita ba. Na dai nuna mata ƙofa, a ranar biki, da cikinta. Ta tashi ta fita, mijinta na bin ta da jaka yana ba ni haƙuri yana ba ta. Tulun kabejin da na jiƙa mata da yaji tun kaka yana nan a bakin ƙofa, ba ta ko dube shi ba. Na dawo na zauna. Mansok ya ci gaba da cin shinkafarsa, ya cinye tas, sannan ya ce, "Kin yi daidai." Ku riƙe wannan, don ni na riƙe shi.

Ta haihu a damina kamar yadda ta faɗa, namiji. Mijinta ne ya bugo ya gaya mana. Uwar mijinta ce ta dafa mata miyar ganyen teku ta masu jego, miyar da uwa ke dafa wa 'yarta, ni 'yar bakin teku da na fi kowa iya ta. Ranar ina kan tudu da gora, ana yayyafi ana ɗaukewa.

Da kaka ta shigo Mansok ya hau bishiyar kanya, tsoho da shi, an hana shi bai ji ba. Reshe ya karye, ya faɗo, ƙugunsa ya tsage. Aka kai shi asibitin gari aka ce zai daɗe a kwance. Ga lokacin buɗe ɗaki ya zo. Ashe Heran ba ta haƙura ba, ta kai maganar wajen Baba Chunbae, babban dattijon dangi da ke Seoul, shi kuma ya ce tunda mai gida na kwance, bari a turo wani daga cibiyar ya duba kawai, dubawa ai ba ɗauka ba ce. Ilsok ya yi ta waya yana kawo dalilai, yau ya ce a jira yayansa ya warke, gobe ya ce hanya ta lalace. Tsohon bai saurare shi ba.

Suka zo da hantsi, Baba Chunbae da sandarsa, Ilsok na bin sa a baya, da wata mace siririya mai tabarau daga cibiyar, da aka ce mini Malama Tak ce. Muka hau tudu. Ilsok ya laluba aljihu ya ce, af, ai makullin yana wajen yaya, kuma yaya ya ce bai tuna inda ya ajiye ba, sai dai a sake sa rana.

Na ce, "Kai ƙanin miji, yaushe ka fara ƙarya da rana tsaka? Makullin da ke cikin gwangwanin tabarsa tun kafin ka yi gemu?"

Ya ce, "Matar yaya..." Bai ƙarasa ba.

Da ƙafata na sauka na ɗauko shi. Da hannuna na miƙa. Ina tafe ina cewa a raina, bari su gani, bari wannan mai tabarau ta koma ta gaya wa Heran abin da hannun uwarta ya yi wanda na'ura ba za ta iya ba. Har gyara ɗaurin rigata na yi.

Baba Chunbae ya dubi Malama Tak ya ɗan yi tari, ya tuna mace ce. Sai ya ce, to, ai ita ma'aikaciya ce, ba a lissafa ta. Na ce a raina, oho, ashe haka abin yake da sauƙi. Ta murɗa makulli ta tura ƙofa, sai ta ja da baya ta kau da kai. Warin ya iso inda nake tsaye. Duk wanda ya taɓa buɗe tulun da aka manta da shi a ƙasa ya san irinsa. Ta ciro ƙyallen rufe hanci guda biyu daga jaka, ta sa ɗaya, ta miƙo mini ɗaya.

Ta ce, "Iya, zo ki riƙe mini fitila."

Na dubi dattijo. Ya toshe hancinsa da hannun riga, bai hana ni ba. Ilsok kuwa ya koma gindin katanga ya tsuguna ya ba mu baya. Na shiga, karo na farko tun da aka kawo ni gidan.

Abin da na fara gani leda ce. Baƙar ledar nan da muke shimfiɗa wa barkono a gona, an lulluɓe kantocin allunan da ita tun daga sama har ƙasa, an ɗaure da igiya. Malama Tak ta yanke igiyar ta ɗaga. Cikin ledar ruwa ne ya taru ɗigo-ɗigo, kamar murfin tukunya. Ƙarƙashinta kuma fari ne fat, kamar an baza auduga a kan allunan, da wasu zarurruka da suka bi jikin kantocin kamar saiwa suka haura bango. A kusurwa har naman kaza ya tsiro, jajaye, a jere.

Ta sa hannu biyu a hankali ta ɗago allo ɗaya. Bai kai ƙirjinta ba ya rabe, ya zube gutsi-gutsi a ƙasa, kowane gutsure mai kusurwa huɗu, kamar an yanka awara. Ta ɗago wani, shi kuma fari ne, ba nauyi, ta danna da yatsa ya lotsa kamar soso. A gefensa na ga sauran rubutu, layi ɗaya da rabi.

Na ce, "A goge mana. Funfuna ce ai, a goge a shanya."

Ta girgiza kai. Ta ce, "Iya, wadda kike gani a sama ba ita ce matsalar ba. Jikinta na ciki. Zare ne siriri da ido ba ya gani, yana shiga cikin katakon yana cin sa daga ciki. Wata irin takan cinye abin da ke ba shi ƙarfi ta bar shi ja yana farfashewa, wata kuma ta cinye har launin ta bar shi fari. Ba abin da take nema sai laima da iskar da ba ta motsi." Ta bi kantocin da kallo. "Wannan ba aikin shekara ɗaya ba ne. Ba na goma ba ma."

Na ce, "Iskar da ba ta motsi? Ni nake buɗe tagogin nan. Kullum. Ki tambayi kowa a ƙauyen nan."

Ta kama hannuna mai riƙe da fitila ta ɗaga shi sama. Kowace taga an rufe ta daga ciki da ledar nan ninki-ninki, an bi gefenta da katako an kafe da ƙusa. Ƙusoshin sun yi tsatsa har tsatsar ta zubo a bango.

Ban yarda ba. Na rantse ban yarda ba, da idona a kai. Na miƙa mata fitilar na ce ta kashe, ta tsaya nan, ta ja ƙofa. Na fita na ɗauki gorata inda take jingine, na buɗe taga ta farko, ta biyu, na bi su duka gabas da yamma kamar yadda na saba, ƙugiya ba ta kuskure ko sau ɗaya ba. Rana na haskawa tar. Na tsaya a bakin ƙofa na ɗaga murya.

"Kin ga haske?"

Na ji takunta a cikin duhu. Sannan ta ce, "A'a, Iya."

Da na koma ciki ta nuna mini kantocin baya. Babu komai a kansu, fiye da rabin ɗakin. Ta tambaya ko an taɓa kwashe wasu an kai wani wuri. Na buɗe baki zan ce a'a, sai idona ya faɗa kan gutsattsarin da ke ƙasa. Na san su. Duk shekara, bayan an buɗe ɗaki da kwana kaɗan, Mansok kan kawo mini buhun itace a faskare, ya ce na tsohon rumbu ne. Itacen banza, yana kamawa da wuri ba ya zafi, yana marmashewa a hannu. Har faɗa nake masa, ina cewa wane irin mutum ne zai kawo wa matarsa ruɓaɓɓen itace. Wani lokaci nakan ga baƙi-baƙi a jikinsa in ɗauka toka ce. Tawada ce. Da shi na hura wutar ƙarƙashin ɗakinmu muka kwana da ɗumi. Da shi na dafa shinkafar da ake ajiye wa Kaka Babba ranar tunawa da shi.

Na fito na wuce dattijo da ya zauna a kan dutse yana kuka kamar yaro. Na tsaya a kan Ilsok.

Ya ce, "Matar yaya, ni ƙani ne. Yaya ya ce in yi shiru. Me zan yi?"

Na ce, "Shekara nawa kana fitowa daga ɗakin nan kana cin abincina kana neman ƙari?"

Ya sunkuyar da kai. Na tofar da yawu a gefensa na wuce, ban ko canza kaya ba na tari motar gari.

Na tarar da Mansok an jingina shi da matashi, ana ba shi kunu. Yana ganina ya ture cokalin. Farin abin nan na manne a hannun rigata, shi ya kalla, bai kalli fuskata ba. Na jira mai jinyar ta fita, na ja kujera na zauna. Na yi mamakin yadda muryata ta fito a sanyaye.

Na ce, "Tun yaushe?"

Ya ce tun shekarar babbar guguwa, wadda ta kwashe rufin makaranta. Ta ɗaga wani gefen rufin ɗakin, ruwa ya shiga ya jiƙa allunan. Babansa bai daɗe da rasuwa ba, shekararsa ta farko ke nan da riƙe makulli, ya ji kunyar a ce a hannunsa abin ya faru. Sai ya gyara rufin a ɓoye, ya lulluɓe su da leda don kada su sake jiƙewa. Da kaka ya buɗe ya ga fari. Ya goge, ya ɗauka ta taga laimar ke shiga, ya toshe tagogin. Shekara ta zagayo ya ga abin ya ƙaru. Daga nan kuma, in ji shi, ya rasa ta inda zai fara faɗa.

Ba sai na yi dogon lissafi ba. Shekarar guguwa Heran ke koyon tafiya, ina tuna na goya ta ina tare ƙofa da buhun shinkafa.

Na ce, "Ranar da ka tsaya mini a bakin ƙofa, Inna na kiran sunana. A lokacin tagogin a toshe suke?"

Ya ce, "Uwar Heran..."

"A toshe suke?"

"A toshe suke."

"To me ya hana ka ce in tafi? Ba sai ka gaya mini komai ba. Ka ce, je ki, kwana biyu ba za su kashe su ba. Me ya hana ka?"

Ya ja bargo zuwa ƙirjinsa. Sannan ya ce, "Da na ce ki tafi, da kin tambaye ni dalili."

Shi ke nan fa. Ba wani abu a bayansa. Na zauna ina jira ko zai ƙara wata magana mai nauyi da za ta kai girman abin, babu. Don kada in yi masa tambaya guda ya bar uwata ta mutu tana kirana. Don kada in yi masa tambaya guda ya zauna yana cin shinkafa ina korar 'yata da ciki, ya ce na yi daidai. Kuma duk shekara ya wanke hannu ya dube ni ya ce hannuna na da albarka, ni kuma in sunkuyar da kai ina murmushi kamar amarya. Wannan ya fi ci mini rai, murmushin nan nawa.

Ya fara hawaye. Ya ce, "Yanzu me zan ce wa dangi?"

Dangi. Har a lokacin dangi yake tunani. Na ciro makullin da na zaro daga ƙofar ɗakin na ajiye masa kusa da kwanon kunu, na ce ya tambayi gwiwarsa, tawa ta yi ritaya.

Malama Tak da mutanenta sun yi kwanaki suna kwashe abin da ya rage. Ranar da za su tafi ta zo ta same ni a tsakar gida, wai tana so ta ba ni labari mai daɗi. Ta ce akwai 'yan alluna a kantar ƙasa kusa da ƙofa da za su iya cetowa, rubutunsu na nan sarai. Na tambaye ta me ya sa su ba su ruɓe ba. Ta ce ɓera ne ya huda gindin ƙofar ya yaga ledar wajen, iska na ɗan shiga. Na yi dariya har na riƙe ciki, har ta tsorata. Ɓera! Ɓera ya yi wa Kaka Babba abin da ban yi masa ba tun shekarar guguwa.

Na sayi ganyen teku mai kyau, na ɗauki tulun kabejin nan da ya riga ya yi tsami, na hau jirgin ƙasa zuwa Busan. Heran ta buɗe ƙofa da yaro a kafaɗa, har ya fara zama. Ta dube ni, ta dubi kayan hannuna.

Ta ce, "Wa ya riƙe gorar?"

Na ce, "Ba kowa."

Ta matsa na shiga. Ba ta ce ta yafe ba, ni ma ban iya roƙo ba, na dai wuce wajen murhu na ɗora miyar da ta makara wata da watanni. Ta sha kwano biyu.

Da la'asar muna zaune, yaron na kan cinyata, sai gwiwata ta soke ni. Kafin in san abin da nake yi na miƙa mata shi na miƙe tsaye, hannuna na laluben bango. Heran ta kama rigata.

Ta ce, "Mama, zauna. Ruwa ne kawai."

Na zauna. Aka fara ruwan, yana dukan gilashi. A nan ne kukan ya zo mini, ba na alluna ba, ba na Mansok ba. Irin ruwan nan ake yi ranar da na kwance ɗankwalin kayana na cire takalmi. Motar Uljin tana tsayawa a bakin gadar ƙauyenmu, daga kan tudu ina hango ta. Na ga ta tsaya, na ga ta tashi, sannan na ɗaga gora na rufe tagogin.